Istrojin yana sa ƙwayoyin sankarar mama tafiya ne, ko ɗaure su yake yi wuri ɗaya?

Ɗalibar Bayokemistiri ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin bayokemistiri, kuma tambayar da nake tafe da ita ta shafi karatuna, ta kuma shafi gidanmu. Watanni takwas ke nan da aka yi wa gwaggona aikin sankarar mama. An aika naman da aka cire ɗakin gwaji, sakamako ya dawo da cewa ƙwayoyin ciwon suna ɗauke da makarɓin istrojin, wato furotin ɗin da istrojin, sinadarin jikin mata, yake kamawa ya isar da saƙonsa, wanda likitoci suke taƙaitawa da ER, saboda haka aka ɗora ta a kan tamoksifen, aka ce za ta sha kullum har tsawon shekara biyar aƙalla. Ni nake sayo mata maganin, ni kuma nake karanta mata takardun asibiti, domin a gidan ni ake ganin na san abin da ke ciki.

Abin da aka koya mana a aji mai sauƙi ne: istrojin yana sa ƙwayoyin irin wannan ciwo su yi ta rabuwa suna yawaita, tamoksifen kuma yana tare masa hanya. Da na fara karatu don aikin bincikena sai na ci karo da sakamako iri biyu da suka kasa zama wuri ɗaya a kaina. Masu bincike na Jami'ar Pisa da ke Italiya sun nuna cewa idan aka zuba istrojin a kan ƙwayoyin sankarar mama, cikin mintuna kaɗan sukan sake tsarin zaren aktin da ke cikinsu, su miƙa gefensu gaba, su fara rarrafe. Wasu kuma na Jami'ar Arizona da ke Amurka sun wallafa a 2018 cewa makarɓin istrojin shi ne yake hana ƙwayoyin kutsawa cikin naman da ke kewaye da su, har ma suka ce maganin da ke danne istrojin yana iya sassauta wannan hanin.

To wanne ne gaskiya? Kuma idan na biyun ne, ashe maganin da nake miƙa wa gwaggona kowace safiya yana rage girman ciwon ne ta gefe ɗaya, yana kwance masa ƙafa ta ɗaya gefen? Wannan tunanin ya hana ni sukuni, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba. Ina roƙon wanda ya san fannin ya yi mini bayani dalla-dalla, ko da ya yi tsawo.

Malamin Ilimin Ƙwayar Halitta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Zan bar maganar magani ga likitocin da ke cikinmu, in tsaya a kan abin da nake koyarwa. A taƙaice, sakamakon biyu duk na gaske ne, kuma ba su ƙaryata juna ba, domin ba abu ɗaya suka auna ba, ba kuma a lokaci ɗaya ba.

Mu fara da ƙwarangwal ɗin ƙwaya, domin sai an gane shi sauran bayanin zai zauna. Ƙwayar halitta ba jakar ruwa ba ce kawai. A cikinta akwai zaruruwa iri uku na furotin da suke riƙe da siffarta: zaren aktin, wanda kaurinsa kusan nanomita 7 ne, da matsakaitan zaruruwa masu kusan nanomita 10, irin su keratin da bimentin, da kuma ƙananan bututu masu kusan nanomita 25, waɗanda su ne suke jan kundin gado, wato DNA, gida biyu a lokacin rabuwar ƙwaya. Kalmar ƙwarangwal tana iya ɓatar da mutum, domin wannan ba ƙashi ba ne da aka gina sau ɗaya ya tsaya. Ya fi kama da rumfar kasuwa da ake kwancewa daga baya ana kai karan gaba ana sake kafawa, ba dare ba rana. Idan ƙwaya za ta yi tafiya, sai aktin ya yi ta tsiro a gefen gaba yana tura fatar ƙwayar waje kamar faffaɗan harshe, sai a kafa turaku da ke manne wannan harshen da ƙasan da take takawa, sai wani furotin mai suna miyosin ya ja zaren aktin kamar yadda yake yi a cikin tsoka, jikin ƙwayar ya biyo, a tuge turakun baya. Masu ba da umarnin wannan aiki 'yan ƙananan furotin ne na gidan Rho. Anne Ridley da Alan Hall sun nuna a Landan a 1992 cewa Rho yana sa a ɗaure aktin dami-dami masu ja, Rac kuma yana sa a fitar da wancan harshe na gaba.

Shi kuwa istrojin, hanya biyu yake bi idan ya iso ƙwaya, kuma a nan ne amsar tambayarki take. Hanyar farko ita ce wadda aka sani tun bayan da Elwood Jensen ya gano makarɓin istrojin a Chicago a 1958: sinadarin ya ratsa fatar ƙwaya, ya kama makarɓinsa, makarɓai biyu su haɗu, su zauna a kan kundin gado cikin cibiyar ƙwaya, su sa a buɗe wasu shafuka a karanta, a rufe wasu. Wannan aiki ne na sa'o'i da kwanaki, domin sai an kwafi umarnin, an ƙera furotin ɗin, ya taru har ya isa yin tasiri. Hanya ta biyu gajeriya ce. Wani ɗan kaso na makarɓin yana maƙale a jikin fatar ƙwaya, an ɗaure shi da wani guntun kitse, kuma da zarar istrojin ya taɓa shi sai ya tashi maƙwabtansa ba tare da an je cibiya ba. A cikin waɗannan furotin na maƙwabtaka akwai Src, wanda masu bincike na Naples suka nuna alaƙarsa da makarɓin tun a shekarun 1990, da FAK, wanda ke kula da kafa turaku da tuge su, da kuma RhoA. Abin da mutanen Pisa, ƙarƙashin Tommaso Simoncini, suka bi diddigi ke nan: daga makarɓi zuwa RhoA, daga nan zuwa ROCK, sannan a liƙa fosfet a jikin moesin, wanda shi ne ƙugiyar da ke haɗa aktin da fatar ƙwaya. Wannan duka cikin mintuna yake faruwa. Akwai ma wani makarɓi na dabam a fatar ƙwaya, GPER, wanda aka tabbatar a 2005 cewa yana kama istrojin, shi ma yana da hannu a irin wannan saƙo na gaggawa.

Aikin Arizona, na ɗakin binciken Ghassan Mouneimne, ya bi doguwar hanyar ne. Sun ga cewa ɗaya daga cikin shafukan da makarɓin yake sa a buɗe shi ne na wani furotin mai suna EVL, shi kuma EVL yana taimakawa a saƙa kauraran damin aktin a kewaye da gefen ƙwaya, can ƙarƙashin fatarta. Ni ina ce wa ɗalibaina dabaibayi ne. Dabbar da aka yi wa dabaibayi tana ci, tana ƙiba, tana ma iya ɗan motsawa, amma ba ta yin nisa. Ƙwayar da ke da wannan ƙawanya ta aktin gefenta ba ya samun sakewar fitar da harshe, don haka kutse yake yi mata wuya. Kuma ba EVL kaɗai ba ne. Tun a 2003 ɗakin binciken Paul Wade ya nuna cewa makarɓin istrojin yana ɗaga wani furotin mai suna MTA3, wanda yake danne Snail, shi kuwa Snail aikinsa shi ne kashe E-cadherin, wato gam ɗin da ke manne ƙwayoyin bututun nono da juna. Muddin makarɓin yana aiki, gam ɗin yana nan, ƙwayoyin suna zaune kafaɗa da kafaɗa kamar tubalan bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuma tsagewar ce take ba ƙwaya wurin fita.

Idan kika duba ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji za ki ga wannan da idonki. Ƙwayoyin sankarar mama da ake kira MCF-7, waɗanda aka samo a Detroit a 1970 daga ruwan da ya taru a ƙirjin wata mata mai shekara 69, suna da makarɓin istrojin, kuma sukan zauna tsibiri-tsibiri manne da juna, tafiyarsu kaɗan ce. MDA-MB-231, waɗanda aka samo a Houston, ba su da babban nau'in makarɓin istrojin da ake kira alfa, ba su da E-cadherin, dogaye ne masu tsini, kowace tana tafiyarta ita kaɗai. A ganina wannan bambancin ya fi kowane gwaji na minti goma sha biyar nauyi. Sai dai ki riƙe wani abu: su ma MCF-7 ɗin daga ruwan ƙirji aka samo su, wato sun riga sun bar maman sun yi tafiya tun kafin a kama su. Dabaibayi yana rage tafiya, bai hana ta ɗungurungum ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya gamsar. Ina so in ƙara abin da hannu ya koya mini, domin na yi shekaru ina renon waɗannan ƙwayoyi, kuma na ga yadda gwaji ɗaya yake ba mutum biyu amsa biyu.

'Yar'uwa, da yawa daga cikin rahotannin da ke cewa istrojin ya ƙara tafiyar ƙwaya sun dogara ne a kan gwajin karce. Ana shuka ƙwayoyi a faranti har su rufe ƙasansa baki ɗaya, sai a ɗauki bakin robar fifet a ja layi ɗaya a tsakiya, a wanke waɗanda suka tashi, a bar wata hanya fili kamar burtali tsakanin gonaki biyu. Ana ɗaukar hoto a lokacin, a sake ɗauka bayan sa'a 24 ko 48, a auna yawan filin da ya rufe. Matsalar ita ce fili yana rufewa ta hanya biyu: ko ƙwayoyin bakin layin su rarrafa ciki, ko kuma su yi ta haihuwa har cunkoso ya turo na gaba. Istrojin kuwa gwanin sa su haihuwa ne, wannan babu mai musu. Na taɓa yin wata uku ina murna cewa na ga istrojin ya ninka saurin tafiya, har na zana jadawali na kai wa mai duba aikina. Ya tambaye ni ko na tsayar da rabuwar ƙwayoyin kafin in ja layin, na ce a'a. Da na maimaita da mitomaisin, wanda yake hana su rabuwa, sai mafi yawan bambancin ya ɓace, ya rage ɗan kaɗan. Ban ce kowa haka ya yi ba, ƙwararrun ɗakunan bincike suna kula da wannan, amma duk takardar da kika ɗauka ki fara neman wannan layin a sashen da suka bayyana yadda suka yi aikin.

Abu na biyu shi ne ruwan renon kansa. Jan launin da ake sawa a ciki don a gane tsaminsa, wato fenol ja, an gano tun 1986 a ɗakin binciken Katzenellenbogen a Illinois cewa yana aiki kamar istrojin mai rauni. Ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ƙarawa shi ma yana ɗauke da nasa sinadaran. Saboda haka kafin a gwada istrojin, sai an mayar da ƙwayoyin cikin ruwa marar launi, da ruwan jinin da aka tace da gawayi, a bar su kwana biyu ko uku cikin yunwar istrojin. To ki lura da abin da wannan yake nufi a bisa bayanin Malam: ƙwayar da ta kwana uku babu istrojin, mai yiwuwa dabaibayinta ya riga ya sassauta, sannan a zo a watsa mata istrojin gaba ɗaya, sau da yawa nanomola 10, wanda ya ɗara abin da aka saba samu a jinin mace. Dole ka ga gefenta ya yi ta kaɗawa. Amma a jikin mutum ba haka sinadarin yake zuwa ba, ƙwaya tana zaune cikinsa ne shekara da shekaru, yana hawa yana sauka da zagayen wata.

Na uku, rarrafe a kan roba mai santsi daban, kutse cikin nama daban. Don auna kutse ana amfani da akwatin Boyden, wanda ke da tankaɗe mai ramuka na maikiromita 8, a shafe shi da Matrigel, wani abu mai kauri da ke kwaikwayon naman da ke kewaye da ƙwaya, sai ƙwayar da ta iya narkar da shi ta matse jikinta ta ratsa ramin ita ce za a ƙirga a ƙasa. Ƙwaya tana iya yin saurin rarrafe a fili ta kasa ratsa wannan. Idan kina da dama ki rina su da faloyidin, dafin wani naman kaza ne da ke kama zaren aktin, an liƙa masa launi mai ƙyalli. Ranar da na fara ganin tsibirin MCF-7 a cikin duhu, da zobe mai haske kewaye da gefensa, na daɗe ban ɗaga ido daga na'urar ba, domin abin da nake karantawa a takarda ne ya fito fili a gabana.

Likitar Sankara ta rubuta:

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu, kuma kafin komai ina so in faɗa miki wannan ba tare da kwana-kwana ba: kada gwaggo ta daina shan tamoksifen saboda wata takarda da aka yi a kan faranti ko a jikin ɓera, kuma kada ki sa mata shakka a zuciya. Idan akwai abin da ya dame ki, ki bi ta ranar ganin likita ki yi tambayar a gabansa.

Dalilina shi ne, tambayar da kike tsoro an riga an amsa ta a jikin mutane, ba a faranti ba. Da a ce danne istrojin yana ƙara yaɗuwar ciwon fiye da yadda yake rage shi, da matan da suka sha maganin sun fi mutuwa. Abin da aka gani akasin haka ne. Ƙungiyar masu bincike da ke Oxford, wadda take tattara sakamakon gwaje-gwajen duniya, ta nuna a 2011 cewa a cikin matan da ciwonsu ke da makarɓin istrojin, shan tamoksifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga sankarar mama da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Kuma abin da ke kashewa a wannan ciwo yaɗuwa ce, ba ƙullutun da ke cikin mama ba. Wannan hanya ta magani ma tsohuwa ce: a 1896 George Beatson, likitan tiyata a Glasgow, ya ba da rahoton cewa cire gidan ƙwai ya sa ciwon wata matashiya ya ja baya, tun kafin a san akwai wani abu mai suna istrojin.

Yadda nake haɗa wannan da bayanin Malam shi ne, yaɗuwa ba tafiya ce kaɗai ba. Ƙwaya tana buƙatar ta ɓalle, ta shiga jijiyar jini ko hanyar kaluluwa, ta tsira a ciki, ta sauka a wani wuri, sannan abu mafi wuya, ta yi tsiro a can. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa. A lokacin da aka ɗora mace irin gwaggo a kan magani, an riga an cire ƙullutun, babu sauran gidan da za a ɓalle daga cikinsa. Abin da ake fargaba shi ne 'yan ƙwayoyin da suka riga suka fita tun kafin aiki, suka kwanta shiru, galibi a cikin ɓargon ƙashi, domin irin wannan ciwo ƙashi ya fi so. Waɗannan sun gama tafiyarsu, abin da suke jira shi ne saƙon da zai ce su farka su yawaita, kuma wannan saƙon ne tamoksifen yake tarewa. Kwanciyar tasu tana iya yin tsawo ƙwarai. A 2017 an bi bayanan mata fiye da 60,000 da suka kammala shekara biyar na magani, aka ga ciwon yana ci gaba da dawowa a hankali har zuwa shekara ta 20, daga kusan kashi 13 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙullutu da bai taɓa kaluluwa ba, zuwa kusan kashi 41 ga masu babban ƙullutu da ya kama kaluluwa da yawa. Shi ya sa wasu ake tsawaita musu magani zuwa shekara goma.

Akwai wani abu kuma da zai nuna miki cewa makarɓin ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Nau'in da ke tasowa daga jakunkunan nono, wanda ya kai kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon, kusan duk yana da makarɓin istrojin, amma ya rasa E-cadherin saboda lalacewar shafinsa a kundin gado. A ƙarƙashin na'ura za ki ga ƙwayoyinsa sun jeru ɗaya bayan ɗaya cikin nama kamar layin tururuwa, ba sa yin dunƙule, shi ya sa hannu ba ya saurin jinsa, hoto ma yakan ɓoye shi.

Sannan ku gode wa Allah da aka yi wa gwaggo gwajin makarɓin, aka kuma samu amsa. A ƙasashen Turai da Amurka kusan kashi 70 cikin 100 ko fiye na sankarar mama suna da shi. Binciken da Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan matan Najeriya da Senegal ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, wasu bincike na baya kuma suka samu fiye da haka, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake tattaunawa shi ne yadda ake adana naman. Makarɓin furotin ne, yana lalacewa. Ƙa'ida ita ce a sa naman cikin fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, kafin sa'a ɗaya ta wuce, ya zauna daga sa'a 6 zuwa 72. Ni da kaina an taɓa kawo mini mama guda a cikin bokitin roba, ɗan mai ciwon ya taho da shi a motar haya daga wani gari mai nisa, ba a tsaga shi ba, fomalin ɗin ko rabinsa bai rufe ba. Sakamako ya ce babu makarɓi, kuma har yau ina jin ciwon abin, domin mai yiwuwa an hana wannan baiwar Allah magani mai sauƙin kuɗi da zai amfane ta.

Abin da za ki sa wa ido a gida shi ne ciwon ƙashi ko na baya da ya ƙi tafiya, tari mai naci, kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi sama-sama, da kuma zubar jini ta gaba, musamman idan ta riga ta daina al'ada, domin tamoksifen yana tare istrojin a mama amma yana kwaikwayonsa a mahaifa. Ko wanne ya bayyana, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.

Ɗalibar Bayokemistiri ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Likita, hankalina ya kwanta, kuma yau da safe na miƙa mata maganin ba tare da nauyin da nake ji a da ba. Na koma na duba takardun da ke hannuna kamar yadda ɗan'uwa ya ce, na tarar biyu daga cikinsu ba su ambaci tsayar da rabuwar ƙwayoyi ba ko kaɗan.

Malam, saura tambaya ɗaya. Idan ciwon ya daina jin magani bayan shekaru, me ke faruwa da ƙwarangwal ɗin ƙwayar a lokacin? Kuma tunda aktin ne ƙafar tafiya, me ya hana a yi maganin da zai kama shi kai tsaye, a haɗa da tamoksifen, a tare girma a tare tafiya gaba ɗaya?

Malamin Ilimin Ƙwayar Halitta ya rubuta:

Malama, tambayar farko an yi aiki a kanta sosai a Cardiff. Sun yi renon MCF-7 cikin tamoksifen na tsawon watanni har wasu suka saba da shi suka ci gaba da girma, kuma Stephen Hiscox da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2006 cewa waɗannan sun sauya kama: mannewarsu da juna ta ragu, aikin Src ya hauhawa, tafiya da kutse sun ƙaru. Wato ƙwayar da ta koyi rayuwa ba tare da doguwar hanyar ba takan jingina ga gajeriyar hanyar da ta sinadaran girma. Wata hanyar bijirewar kuma ita ce makarɓin kansa ya sauya. A 2013 ƙungiyoyi da dama sun gano sauye-sauye irin su Y537S da D538G a cikin ciwon da ya yaɗu bayan doguwar jinya da magungunan da ke hana ƙera istrojin, waɗanda suke barin makarɓin a kunne ko babu sinadarin.

Game da kama aktin kai tsaye, irin waɗannan sinadarai suna nan, muna amfani da su a faranti kullum, amma aktin ɗin da ƙwayar sankara take rarrafe da shi dangin wanda zuciya take bugawa da shi ne, kuma da shi fararen ƙwayoyin jini suke bin cuta, da shi rauni yake rufewa. Ba za a ba mutum ba. Ƙananan bututun ne aka iya taɓawa, da magunguna irin su faklitaksel, su ma don tare rabuwa aka yi su. An gwada masu toshe Src a jikin marasa lafiya, sakamakon bai kai yadda faranti ya sa aka yi tsammani ba.

Idan kina neman abin da za ki gina aikinki a kai, ki ɗauki ƙwayoyi iri ɗaya, ruwan reno ɗaya, ki zuba istrojin daidai gwargwadon na jini, ki tsayar da wasu a minti 15, wasu a sa'a 6, wasu a sa'a 72, ki rina su duka da faloyidin, ki auna kaurin zoben gefe da yawan harsunan da suka fito a kowane lokaci. Ki sa rukuni ɗaya da tamoksifen a gefe, kuma ki tuna cewa a faranti nau'insa da hanta ta riga ta sarrafa ake sawa, domin shi ne yake kama makarɓin da ƙarfi.